BA KOWANE TABO NE KUTURTA BA

Darasi a kan cutar fata mai ɓawo, da neman magani ta hanyar da ta dace

Kafin mu shiga darasin wannan wata, bari kowa ya buɗe Littafinsa ya karanta Firistoci sura 13, sa'an nan ya karanta Markus sura 1 daga aya 40 zuwa 45. Wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi domin waɗanda ba su iya ba.

Sa'anda hunturu ya shigo, daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, fatar kowa ta kan bushe. A Basirka, da Gwaram, da Birnin Kudu, kamar sauran ƙasar Hausa, ƙafa ta kan yi faso, leɓe ya tsage, yara su yi fururu. Ga yawancinmu da an shafa mai shi ke nan. Amma akwai waɗansu a cikinmu da hunturu ya ke tayar musu da wata cuta dabam. Tabo mai kauri ya kan fito musu a gwiwar hannu, da gwiwar ƙafa, da ƙugu, da cikin gashin kai, yana ta zubar da farin ɓawo kamar dusa. Irin waɗannan 'yan'uwa su kan sa riga mai dogon hannu ko ana zafi. Su kan zauna a bencin baya, su fita tun ba a fara gaisawa ba, daga bisani kuma su daina zuwa sujada ɗungum. Kalma ɗaya su ke tsoro, kada a ce da su kutare. Wannan tsoro kuwa shi ke hana su zuwa asibiti, ya kai su hannun mai tallan magani a kasuwa.

Abin da mu ke so mu koya cikin darasin nan shi ne, wannan cuta ba kuturta ba ce, ba a ɗaukarta daga wani, ba kuwa la'ana ba ce. Tana da suna, tana da magani mai kwantar da ita, hanyar samun maganin kuwa ita ce mutum ya nuna jikinsa ga wanda ya san aikin.

1. YADDA FIRIST YA KE DUBAWA

Da yawa cikinmu mun karanta Firistoci 13 muka riƙe abu ɗaya kaɗai, watau an fitar da mai cutar fata bayan zango. Amma in mun sake karantawa a hankali, za mu ga yawancin surar a kan dubawa ta ke magana. Ba maƙwabci ne ya ke yanke hukunci ba, ba kuwa jita-jitar gari ba. Firist ne ya ke duba wurin, ya ga ko ya yi zurfi, ko gashin wurin ya sāke launi. In bai tabbata ba, ya kan jira kwana 7 ya sake dubawa, in ta kama ya ƙara waɗansu kwana 7. Bayan wannan, in tabon ya dushe bai bazu ba, sai ya ce mutumin tsarkakakke ne, ya wanke tufafinsa ya koma cikin jama'a. A ayoyi 38 da 39 an ambaci wani irin farin tabo wanda ba ya ƙazantar da mutum. A ayoyi 40 da 41 an nuna mai sanƙo tsarkakakke ne. Ashe tun zamanin Musa an san ba kowane tabo ne ya ke raba mutum da jama'a ba.

Mu lura da abu na biyu. Kalmar Ibrananci da aka juya mana da "kuturta" ita ce tsara'at. Cikin wannan sura an ce tana kama tufafi, cikin sura 14 kuma an ce tana kama bangon gida. Ba a ambaci mutuwar jiki ko guntulewar yatsu ba ko sau ɗaya. Domin wannan masana Littafi Mai-Tsarki sun yarda kalmar ta ƙunshi cututtukan fata iri-iri, ba cuta guda da mu ke kira kuturta a yau ba. Sa'anda aka juya Attaura zuwa Helenanci a birnin Iskandariya, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, aka sa kalmar lepra, wadda likitocin Helenawa su ke kiran fata mai ɓawo da ita. Daga nan sunaye suka cuɗe, har shekaru aru-aru ana haɗa masu fata mai ɓawo da kutare a Turai, ana ware su tare.

2. SUNAN CUTAR DA KAMANNINTA

Likitoci suna kiran cutar da mu ke magana a kai soriyasis. Sunan ya fito daga kalmar Helenanci mai ma'anar ƙaiƙayi. Wani likita a Landan, Robert Willan, shi ya bayyana kamanninta sosai a shekara ta 1808, amma duk da haka ya ci gaba da kiran wani irinta lepra. Sai a 1841 Ferdinand von Hebra, likita a birnin Biyana, ya raba ta da kuturta sarai.

Ga yadda ta ke aiki. Fatarmu tana sabunta kanta kullum ba mu sani ba. Sabuwar fata ta kan taso daga ƙasa, ta ɗauki wajen wata guda kafin ta kai sama ta bushe ta faɗi. Ga mai soriyasis kuwa, garkuwar jikinsa, watau ƙwayoyin jini da Allah ya sa su yaƙi cuta, su kan yi kuskure su tsokani fatarsa. Sai fatar ta riƙa fitowa cikin kwana 3 zuwa 5 maimakon wata guda. Tun tsohuwar ba ta faɗi ba sabuwa ta iso, su taru su yi kauri. Wannan shi ne ɓawon da mu ke gani. Babu ƙwayar cuta a cikinsa da za ta tsallaka ta kama wani.

A jikin Bature tabon ja ne. A jikin baƙar fata ya kan yi duhu-duhu, ko shunayya, ko ruwan toka, da farin ɓawo a kai, bakinsa kuwa a fili ya ke kamar an zana. Ya kan fito a dama da hagu daidai. Wajen rabin masu ita tana taɓa musu farce, ya yi 'yan ramuka, ko ya yi kauri, ko ya ɗago daga nama. A kai ana iya ɗauka amosani ne ko makero, a jiki kuma a ce kirci ne ko ƙazwa. Amma kama da wane ba wane ba ce. Waɗansu kuma, kamar mutum 1 cikin 5, a waɗansu wurare har 1 cikin 3, cutar ta kan shiga musu gaɓoɓi. Yatsa ya kumbura, baya ya sandare da safe, diddige ya yi ciwo. In an bar wannan ba magani, gaɓar tana iya lalacewa har abada.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na 2016 cewa masu wannan cuta a duniya sun kai miliyan 100 ko fiye. Tun a taronta na watan Mayu 2014 ta sa soriyasis cikin manyan cututtukan da ba a ɗauka, ta kuma roƙi ƙasashe su yaƙi ƙyamar da a ke nuna wa masu ita. An keɓe ranar 29 ga Oktoba kowace shekara domin tunawa da su. Cutar ta fi yawa a ƙasashen sanyi na arewacin Turai. A Afirka ta Yamma ba ta da yawa. Wannan ma yana ƙara wa masu ita wahala, gama abin da mutane ba su saba gani ba su kan laƙa masa sunan abin da su ke tsoro.

3. YADDA TA BAMBANTA DA KUTURTA

Kuturta ƙwayar cuta ce ta ke kawo ta. Wani likita ɗan ƙasar Norwe, Gerhard Hansen, ya ga ƙwayar a madubin likita a shekara ta 1873 a birnin Bergen. Ƙwayar tana kama jijiyoyin da mu ke jin taɓi da su. Domin wannan tabon kuturta ya kan fi sauran fata haske, ba ya yawan ƙaiƙayi, babban alamarsa kuwa ita ce wurin ya mutu. In an rufe wa mutum ido aka taɓa tabon da auduga, ba ya ji. Mai kuturta yana iya ƙonewa a hannu ko ya taka ƙaya bai sani ba, daga nan gyambo ya ke samuwa.

Tabon soriyasis ba haka ya ke ba. Yana da kauri, yana da ɓawo, sau da yawa yana ƙaiƙayi ko zafi, mai shi kuwa yana jin taɓi sarai. Ba ya guntule yatsa. Sai dai mu san wannan: bayan tabon ya kwanta, wurin ya kan bar haske ko duhu a baƙar fata har watanni. Da yawa sun firgita da ganin wannan hasken, alhali alamar warkewa ce. Duk da haka kada kowa ya yanke wa kansa hukunci a ɗaki. Duk tabon da ya daɗe, a kai shi a duba.

Kada fa wani ya ji wannan ya ce, "To, mu karɓi mai soriyasis, mu guji kuturu." Ba abin da mu ke koyarwa ke nan ba. Yawancin mutane, wajen 95 cikin 100, jikinsu ba ya karɓar kuturta ko sun zauna da mai ita. Kuturta kuwa tana warkewa sarai. Wajen shekara ta 1950, a Uzuakoli cikin gabashin Nijeriya, likita John Lowe ya nuna ana iya shan ƙwayar dafson a baki a sami sauƙi. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuma ana ba da su kyauta. Ana sha wata 6 ko wata 12, wanda ya fara sha kuwa ya daina yaɗa cutar. Kowace ƙaramar hukuma tana da ma'aikacin kula da tarin fuka da kuturta wanda za a iya nema.

Mu masu bi a wannan yanki bai kamata mu manta da tarihinmu ba. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga kusa da Katsina, da Amanawa a ƙasar Sakkwato. A lokacin Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Lardin Kano, gama sai a 1991 aka kafa Jihar Jigawa. Waɗansu cikin masu bi na fari a ƙasar Hausa a irin waɗannan wurare suka ji bishara, suka koyi karatu, suka koyi aikin magani. Ekklesiyar da ta sami irin wannan tushe, ta yaya za ta ja da baya daga ɗan'uwa saboda fatarsa? Sunan Yadakunya ma kansa wa'azi ne gare mu.

4. ABIN DA YA KE TAYAR DA ITA

Soriyasis ba daga ƙazanta ta ke zuwa ba, ba daga sammu ba, ba daga cin wani abinci ba. Tana bin jini, gama wajen mutum 1 cikin 3 na masu ita suna da wani a danginsu mai ita. Amma in uba kaɗai ko uwa kaɗai ke da ita, yawancin 'ya'yan ba za su same ta ba. Ba ta hana aure, ba ta hana haihuwa, ba ta bin nono. Ta kan kwanta watanni ko shekaru, sa'an nan ta taso. Ga abubuwan da aka sani suna tayar da ita.

Na fari, bushewar fata, shi ya sa hunturu ya fi wahalar da masu ita. Na biyu, rauni a fata. Wani likita Bajamushe, Heinrich Koebner, ya lura a ƙarni na 19 cewa inda fatar mai soriyasis ta ji rauni, can sabon tabo ya kan fito bayan kwanaki. Wannan magana ce babba gare mu. Tsagar wanzami, da ƙaho, da sakiya, da gurza jiki da dutse ko soso mai kaushi, da susa da farce, duka suna buɗe wa cutar sabuwar gona. Manomi mai yankan gero ko girbin riɗi, wanda kara da ƙaya ke karce masa hannu, ya kamata ya rufe hannuwansa. Na uku, ciwon maƙogwaro, musamman ga yara da samari. Bayan mako 2 ko 3 sai ƙananan tabo su fito a ƙirji da baya kamar an yayyafa ruwa. Na huɗu, damuwar zuciya da rashin barci. Na biyar, giya da taba. Na shida, waɗansu magunguna, kamar kulorakwin da waɗansu magungunan hawan jini. Kada wanda ke shan maganin hawan jini ya daina da kansa, sai dai ya gaya wa likita yana da soriyasis domin a zaɓa masa wanda ya dace.

5. MAGANIN DA YA KE ƘARA CIWO

Cikin Markus sura 5 mun karanta labarin mace wadda ta yi shekara 12 tana zubar da jini, ta kashe dukan abin da ta ke da shi, ciwon kuwa ƙaruwa ya yi. Yawancin masu cutar fata a cikinmu sun san wannan hanya. An sayar da akuya domin jiƙo, an sayar da buhun gyaɗa domin turare. Waɗansu sun shafa baƙin man mota, ko kananzir, ko toka da kanwa, fata ta ƙone ta yi gyambo.

Amma akwai abin da ya fi waɗannan ruɗi, gama yana aiki da fari. Shi ne man shafawa mai ƙarfi da a ke sayarwa a kasuwa da shagon magani ba takardar likita, irin wanda waɗansu ke shafawa domin hasken fata. A cikinsa akwai magani da a ke kira sitiroyid. In an shafa, cikin mako guda tabon ya kwanta, mutum ya yi murna. In ya ci gaba wata da watanni, fatar ta kan yi laushi kamar takarda, ta tsattsage, ƙuraje su fito. Ran da ya daina kuwa, cutar ta komo fiye da dā. Ƙwayoyin sitiroyid na sha da allurarsa, har da waɗanda a ke sha domin ƙiba, sun fi haɗari. Wanda ya sha su ya daina farat ɗaya, soriyasis tana iya rufe masa jiki duka, da zazzaɓi, da ƙananan marurai masu mugunya. Wannan yana iya kisa. Garin neman gira kada mu rasa ido.

Ba mu ce sitiroyid mugun abu ne ba. Likitoci ma suna ba da na shafawa. Bambancin shi ne likita ya san mai ƙarfi da marar ƙarfi, ya san wanda za a sa a gwiwa da wanda za a sa a fuska, ya kuma san ranar da za a rage.

6. HANYAR ASIBITI

Sa'anda Ubangijinmu Yesu ya taɓa mai cutar nan cikin Markus sura 1 ya warkar da shi, bai ce ya tafi gida ya ɓuya ba. Ya aike shi wurin firist a duba shi bisa ga ka'ida. Mu ma mu bi ka'ida.

Wanda ke Basirka ko ƙauyukan kewaye ya fara da asibitin da ya fi kusa da shi, ko na Gwaram. In ba a gane cutar ba, ko an yi magani ba sauƙi, ya roƙi takardar turawa zuwa gaba. A Birnin Kudu akwai Asibitin Gwamnatin Tarayya, a Dutse akwai Asibitin Rasheed Shekoni, a Kano kuma akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano inda a ke samun likitocin fata. Sa'anda za ka tafi, ka ɗauki kwalaye da kwalaben dukan abin da ka taɓa shafawa ko sha. Kada ka kankare ɓawon kafin ka je, gama shi likita ke so ya gani. Ka nuna masa kai, da farce, da cibiya, da inda tufafi ke rufewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mace tana iya roƙon a sa ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ita. Ka faɗi ko gaɓoɓinka suna ciwo. Wani lokaci likita ya kan ɗebi ɗan ƙanƙanin fata a auna. Wani lokaci kuma, in cutar ta taso da ƙarfi farat ɗaya, ya kan nemi gwajin ƙanjamau. Wannan ba zargi ba ne, aikinsa ne. Ya kamata kuma a auna hawan jini da sukari, gama waɗannan sun fi samun masu soriyasis, balle in akwai ƙiba.

Magani hawa-hawa ne. Matakin fari yana hannun kowa: wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi, sa'an nan a shafa man kaɗanya ko Vaseline tun jiki da danshi, safe da yamma. Hantsi kaɗan yana taimako, amma ba zafin tsakar rana ba. Mataki na biyu man shafawa ne daga likita: mai narkar da ɓawo, da mai kwaltar magani, da wanda aka haɗa da wani irin bitamin D, da sitiroyid gwargwado. Kwaltar magani dabam ta ke da kwaltar hanya. Tun 1925 wani likita a Amurka, William Goeckerman, ya nuna amfanin haɗa ta da haske, har yau kuma manyan asibitoci na duniya suna jinyar masu soriyasis da fitila ta musamman.

In cutar ta yi yawa ko ta kama gaɓoɓi, akwai ƙwaya da a ke kira metotireksat. Mu riƙe dokokinta da kyau, gama kuskure a nan yana ɗauke rai. Sau ɗaya a mako a ke shanta, ba kullum ba. Mace mai ciki, ko mai neman ciki, ko mai shayarwa ba ta sha. Ba a haɗa ta da giya, ba a haɗa ta da Septrin. Dole a riƙa auna jini da hanta lokaci-lokaci. Kada a saye ta a ba maƙwabci domin ta yi wa wani aiki. Akwai kuma allurai na zamani masu kwantar da sashen garkuwar jiki da ya yi kuskure. Suna aiki ƙwarai, sai dai suna da tsada sosai.

In jiki duka ya yi ja ko ya kama saɓa, mutum yana rawar ɗari, ko marurai masu mugunya sun bazu, kada a jira ranar kasuwa. A kai shi asibiti a ranar.

7. IN MUN YI ADDU'A CUTA BA TA TAFI BA FA?

Dole mu faɗa wa juna gaskiya. Har yanzu babu maganin da ya ke tumɓuke soriyasis daga jiki. Ana kwantar da ita, fata ta yi kyau, mutum ya yi aikinsa, amma tana iya komowa. Duk wanda ya ce zai raba ka da ita cikin kwana 7 in ka biya shi, kuɗinka ya ke so.

Wannan yana da wuya ga mai bi. Wani ya kan ce a ransa, "Ko bangaskiyata ce ba ta isa ba?" Wani kuma a gaya masa, "Akwai zunubin da ka ɓoye." Abokan Ayuba haka suka yi masa sa'anda ya ke zaune cikin toka yana susar jikinsa da katanga, a ƙarshe kuwa Allah ya tsauta musu. Almajirai ma sun tambayi wa ya yi zunubi har aka haifi mutumin nan makaho, cikin Yohanna sura 9, Ubangiji kuwa bai ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa ba. Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau 3 a cire masa ƙaya daga jikinsa. Ba a cire ba, alheri aka ba shi wanda ya ishe shi. Wa zai ce Bulus marar bangaskiya ne?

Neman magani kuma ba rashin bangaskiya ba ne. Sa'anda Sarki Hezekiya ya yi ciwon maruru, ya yi addu'a da kuka, Allah ya ji, duk da haka annabi Ishaya ya sa a ɗaura masa curin ɓaure a wurin. Luka, wanda ya rubuta mana bishara, likita ne, Bulus kuwa yana ƙaunarsa. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Mu kira dattawa su yi mana addu'a kamar yadda Yaƙub ya koyar, mu kuma koma asibiti ranar da aka rubuta mana a kati. Yawancin magungunan nan sai an yi mako 4 zuwa 8, wani ma fiye, kafin a ga aikinsu. Wanda ya yi gaggawar barin magani bai ba shi zarafi ba.

8. AIKIN EKKLESIYA

Nauyin wannan cuta ba a fata kaɗai ya ke ba. Da yawa cikin masu ita baƙin ciki ya fi ƙaiƙayi cin su. Budurwa ta kan rasa manemi, ɗan makaranta a hana shi zama kusa da 'yan'uwansa, mai sayar da ƙosai ta rasa masu saye. A nan ne ekklesiya ta ke da aikin da likita ba zai iya ba.

Mu ba shi hannu mu gaisa a gaban mutane. Mu ci tuwo da shi a akushi ɗaya. Kada a ware masa ƙoƙo ranar Jibin Ubangiji, kada a cire shi daga mawaƙa ko daga koyar da yara. Fasto ko mai bishara ya bayyana wa jama'a a fili cewa ba a ɗaukar wannan cuta, amma kada ya kira sunan kowa sai da yardarsa. Zumuntar Mata ta ziyarci 'yar'uwa da ta daina zuwa, ta kai mata man kaɗanya, ta raka ta asibiti. Dattawa su tuna kuɗin mota daga Basirka zuwa Birnin Kudu ko Kano ba ƙaramin abu ba ne ga talaka, ba kuwa tafiya ɗaya ba ce. Basamariyen nan cikin Luka sura 10 bai tsaya ga jin tausayi ba. Ya ɗaure raunuka, ya ɗauki mutumin a kan dabbarsa, ya biya mai masauki, ya kuma yi alkawarin biyan abin da ya ragu. Maƙwabtanmu waɗanda ba na ekklesiya ba, su ma in mun ga irin wannan tabo a jikinsu, mu nuna musu hanyar asibiti da ƙauna.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, mai ɗauke da wannan nawaya, wurinka cikin sujada yana nan. Sa'anda annabi Sama'ila ya je gidan Yesse, an koya masa cewa mutum fuska ya ke dubawa, Allah kuwa zuciya. Ka fito, a duba ka, ka karɓi magani, ka zauna tare da mu.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Bisa ga Firistoci 13, wane ne ya ke da ikon duba mai tabo, kwana nawa kuma ya kan jira in bai tabbata ba?
2. Faɗi abubuwa 3 da suka bambanta soriyasis da kuturta.
3. Don me ƙaho da tsaga ba su dace da mai soriyasis ba?
4. Wane haɗari ne ke cikin man shafawa mai ƙarfi na kasuwa?
5. Yaya za mu amsa wa wanda ya ce zuwa asibiti rashin bangaskiya ne?
6. Akwai wanda ya daina zuwa sujada a ekklesiyarmu saboda ciwo? Wa zai ziyarce shi cikin wannan mako?

ABIN ADDU'A

Mu yi addu'a domin masu cutar fata a ƙasar Gwaram da Birnin Kudu da ko'ina, Ubangiji ya ba su ƙarfin zuciya su nemi magani, ya ba su haƙuri su riƙe shi. Mu yi addu'a domin likitoci da ma'aikatan jinya, ya ba su hikima da tausayi. Mu roƙa kuma domin kanmu, ya kawar da ƙyama daga zukatanmu, ya koya mana miƙa hannu kamar yadda Ubangijinmu Yesu ya miƙa. Amin.